Mai Hoton Haƙori da Muƙamuƙin Ɗan Sikila

Dole Kaina gari ne na bakin Kogin Kwara, a ƙaramar hukumar Dandi ta Jihar Kebbi, daidai inda Najeriya ta haɗa kafaɗa da Nijar. Ƙetaren ruwa akwai Lolo ta ƙasar Bagudo, gaba kaɗan kuma sai ƙasar Benin. Duk sana'ar da zaman bakin ruwa da bakin iyaka ke bukata za ka same ta a wannan yanki: masunta, masu bandar kifi, matuƙa jirgi, manoman shinkafa, 'yan canjin sefa da naira, wanzamai, maɗora. Wanda haƙori ya hana shi barci ma ba ya rasa mataimaki. Wani zai ba shi kanumfari ya danna a kogon, mai kemis zai ƙirga masa ƙwayoyi, ran kasuwa kuma akwai mai cirewa. Sana'a ɗaya ce a harkar baki sai an yi mata tattaki, ita ce ta mai ɗaukar hoton haƙori.

Tattakin ba kaɗan ba ne. Mutum zai fito Kamba, ya bi ta Bunza da Kalgo ya shiga Birnin Kebbi, tafiyar da ta haura kilomita 100, inda asibitin Sir Yahaya da babban asibitin tarayya suke da sashen haƙori. In abin ya gagara a tura shi Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sau da yawa kuɗin mota ya fi kuɗin hoton. Mai ƙoshin lafiya yana iya cewa a cire kawai a huta, kuma galibi ya kwana lafiya. Mai sikila ba haka ba ne. Ƙashin muƙamuƙinsa daban yake da na sauran mutane, ciwon haƙorinsa ma ba kullum daga haƙorin yake fitowa ba. Shi ya sa nake ganin babu wanda wannan sana'a ta fi yi wa rana kamarsa.

A manyan asibitoci mai wannan aiki ƙwararren ma'aikacin ɗakin hoto ne, wanda ya yi digiri a kan ɗaukar hoton cikin jiki. A ƙananan ɗakunan haƙori kuwa, mataimakin likita ne ke ɗauka, ko likitan da kansa. Kayan aikin ba su da yawa: kan na'ura mai dogon hanci da ke rataye a hannun ƙarfe jikin bango, rigar dalma mai nauyi da abin rufe maƙogwaro, ɗan fim a cikin leda mai tsawon kusan santimita 4, da marikin da ake ciza. A ƙirjin rigarsa akwai ɗan maƙale da ke ƙirga yawan hasken eksire da jikinsa ya sha, ana karɓa lokaci-lokaci a auna.

Wuyar aikin tana cikin kusurwa. Baki wuri ne matsattse, ga harshe, ga yawu, ga mai ciwo da ba ya son a taɓa shi. Dole fim ya shiga bayan haƙori ya tsaya daidai da tsayinsa, hancin na'ura kuma ya fuskance shi kai tsaye daga waje. In kusurwar ta yi tsaye da yawa, haƙori ya fito gajere. In ta kwanta, ya fito zanƙalele, ƙarshen saiwar ya fice daga hoton, alhali nan ne ake nema. In hancin ya kauce, rabin fim ya fito fari fat. Za ka ga gwani ya durƙusa daidai fuskar yaro, ya sa yatsa cikin safar hannu ya lallaɓa ƙasan harshe, yana magana a hankali: “Yauwa ɗana, ciji nan. Numfasa ta hanci. Kar ka motsa, yanzun nan za a gama.” Sai ya ja da baya kamar taku uku, ko ya shige bayan bango, ya danna. Hasken bai kai daƙiƙa ɗaya ba. In yaro ya kasa riƙewa, uwar ce za ta sa rigar dalma ta riƙe masa, bayan an tambaye ta ko tana da juna biyu. Mai hoto ba ya riƙe wa kowa fim da hannunsa, domin abin da uwa za ta sha sau ɗaya shi zai sha kullum.

Wannan doka da jikin mutane aka saye ta. Wilhelm Rontgen ya gano hasken a Jamus ranar 8 ga Nuwamba 1895, kuma cikin 'yan makonni wani likitan haƙori, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoransa, ya zauna minti 25 hasken na dukansa. A Amurka, Edmund Kells na New Orleans, wanda yana cikin na farko da suka shigo da hoton cikin aikin haƙori, ya yi shekaru yana sa hannu cikin hasken. Yatsunsa suka lalace, aka yi ta yankewa har ya rasa hannun baki ɗaya. Na'urorin yanzu sun yi nisa da wannan. Ƙaramin hoton haƙori ɗaya bai wuce abin da jiki ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin kwana ɗaya ko biyu ba, don haka tsoron da wasu iyaye ke yi cewa hoto zai shanye ɗan jinin da ya rage wa yaro ba shi da tushe. Duk da haka ba a maimaita hoto don wasa, kuma wanda ya samu a karon farko shi ake kira gwani.

Inda ba a koma kwamfuta ba, sauran rabin sana'ar yana cikin ɗakin duhu, ko cikin ɗan akwati mai hannuwa biyu da ake zura hannu a ciki. A ɓare leda, a tsoma fim a ruwan fito da hoto, a ɗauraye, a tsoma a ruwan kafe shi, a wanke, a shanya. Littafi ya ce minti biyar a ruwa mai sanyin digiri 20. To ina digiri 20 a Kebbi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40? Ruwan da ya ɗumama yana cin fim da sauri, hoto ya yi baƙi ƙirin. Ruwan da ya tsufa kuma ya ba da hoto fari-fari. Fim ɗin da ya daɗe a ɗaki mai zafi yana yin hazo tun ba a ɗauka ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sikila, domin abin da ake dubawa a ƙashinsa siraran zare ne, kuma mugun wanki yana iya ɓoye su ko ya ƙirƙiro ciwon da babu. Mai hoto na ƙwarai yana rage minti gwargwadon zafin ranar, yana rubuta ranar da ya haɗa ruwa a jikin kwalba, yana zubar da shi in ya gaji ko da mai ajiyar kaya zai yi ƙorafi.

Akwai kuma babban hoto, wanda ke shimfiɗa muƙamuƙi duka daga kunne zuwa kunne a takarda ɗaya. Wani likita ɗan ƙasar Finlan, Yrjo Paatero, shi ya yi ta gyara dabarar tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum yana tsaye, ya ɗora haɓa a mazauni, ya ciji ɗan tsinke da haƙoran gaba, ya manna harshe a ganɗa, na'ura ta zagaya kansa cikin daƙiƙa goma sha wani abu. Kafin nan sai an yi sallama da ƙarfe: “Hajiya, a taimaka a cire 'yan kunne da sarƙa, da allurar mayafi.” Ɗan kunne ɗaya da aka manta yana jefa farar inuwa a ɗaya gefen, daidai kan kusurwar muƙamuƙi inda ake son gani. Haƙorin Makka kam ba ya ciruwa, sai ya fito fari tas, kuma an san shi. Masu zuwa daga bakin iyaka da yawa Dandanci ko Zabarmanci ko Fulatanci ne a bakinsu, don haka mai hoto yakan gwada da nasa bakin, ya ciza, ya ɗaga harshe, mara lafiya ya kwaikwaya.

Sikila da aikin haƙori sun daɗe da haɗuwa. Mutum na farko da aka rubuta labarin cutar a kansa a littattafan likitancin Turawa ɗalibin haƙori ne, Walter Clement Noel, daga tsibirin Girenada, wanda ya je karatu Chicago a 1904. Wani matashin likita, Ernest Irons, shi ya fara ganin ƙwayoyin jininsa masu siffar lauje, maigidansa James Herrick ya wallafa a 1910. Noel ya gama karatunsa, ya koma gida ya yi aikin haƙori har rasuwarsa a 1916. Mu kuwa mun san ciwon tun kafin a ba shi wannan suna, muna ce masa amosanin jini ko ciwon sanyin ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi kowace shekara a Najeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da gadonsa. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai AS, wato mai ɗauke da gadon, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa gadon ya yi kaka-gida a ƙasashen sauro, irin garuruwan bakin Kwara. A wannan kusurwa akwai ƙarin wani nau'i, wato C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana ya gangaro Benin. Mai SC yakan girma ba a gane ba, domin ciwonsa bai cika tsananta da wuri ba.

Abin da hoto ke nunawa daga ɓargo yake farawa. Jar ƙwayar jini ta mai lafiya tana yin kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe. Ɓargo, wanda shi ne masaƙar jini, sai ya shiga aiki ba dare ba rana don cike giɓi. Yana aiki yana faɗaɗa, yana faɗaɗa yana cin ƙashin da ke kewaye da shi daga ciki. Cikin ƙashin muƙamuƙi a hoto kamar saƙar taru yake. Na mai lafiya idanunsa ƙanana ne, a matse. Na mai sikila idanun sun buɗe, zaren ya ragu, wanda ya saura kuma ya yi kauri. Tsakanin saiwoyin turame, wato haƙoran tauna na ƙasa, zaren da suka saura sukan jeru a kwance ɗaya bisa ɗaya, shi ne abin da masu sana'ar ke kira tsani. Gindin muƙamuƙi, wannan farin layi mai kauri da ke bin ƙasan haɓa har kusurwa, yakan sirance. Amma siririn farin layin da ke zagaye kowace saiwa yana nan daram, har ma yakan fi fitowa saboda abin da ke gefensa ya yi duhu, alhali wasu cututtukan ƙashi share shi suke yi. Robinson da Sarnat, likitoci biyu a Amurka, sun bayyana waɗannan alamu tun 1952, kuma har yau su ake koya wa ɗalibai.

A muƙamuƙin sama faɗaɗar ɓargo takan fito fili har ido ya gani. Ƙashin yana turowa gaba, haƙoran gaba su fito, su rarrabu. Mu da muke yaba wushirya ba kasafai muke tsayawa mu duba ba, kuma mafi yawan wushirya ado ce kawai daga Allah. Amma in ta haɗu da turowar baki, da dasashi fari, da idanu masu ɗorawa, da haƙoran da suka makara wajen fitowa, mai hoto ya san da wa yake tare tun kafin ya kunna na'ura.

A nan ne sana'ar ke bukatar kamun kai. Tsani ba hujja ba ce. Ana ganin sa a bakin mutanen da ba su da sikila ko kaɗan, kuma akwai masu sikila da ƙashinsu bai nuna shi ba. Wasu cututtukan ƙarancin jini ma suna buɗe ɓargo haka. Gwajin jini ne kaɗai ke cewa wannan AA ne, ko AS, ko SS, ko SC. Ba aikin mai hoto ba ne ya dubi uwa ya ce ɗanki sikila gare shi. Magana irin wannan tana iya girgiza aure, tana iya sa dangin miji su fara nuna yatsa, alhali gadon daga ɓangare biyu yake zuwa. Abin da ya dace shi ne ya ja hankalin likita, likita ya tambayi tarihi, a tura ɗakin gwaji. Haka kuma buɗaɗɗen ɓargo ba ciwo ba ne da za a yi wa magani. Haka ƙashin yake, haka zai zauna. Wanda bai saba gani ba yana iya ɗaukar wani faffaɗan duhu a matsayin ƙari ko ruɓa, ya sa a yi tiyatar da babu dalilinta.

Ɗaya fuskar cutar ita ce toshewa, kuma ita ce ke kawo mutane da kuka. Ƙwayoyin da suka lanƙwashe suna cushe ƙananan hanyoyin jini, abin da ke gaba ya rasa abinci. Muƙamuƙin ƙasa ya fi shiga wannan hatsari, domin yawancin jininsa ta hanya ɗaya yake samu, wadda ke bi ta cikin rami a tsakiyar ƙashin tare da jijiyar ji. In toshewar ta faɗa wa hanyar da ke shiga cikin haƙori, sai haƙori lafiyayye, ba kogo ba tsaga, ya kama ciwo kamar ana buga ƙusa, wani lokaci ma cikinsa ya mutu shiru. In ta faɗa wa ƙashin, wurin yakan warke ya bar tabo, wanda ke fitowa fari a hoto bayan watanni. In kuma ta matse jijiyar, sai leɓen ƙasa da haɓa su mutu a gefe ɗaya, kamar an yi allurar kashe zafi, kuma hakan na iya ɗaukar watanni kafin ji ya dawo. Likitan nan na Gana, Felix Konotey-Ahulu, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan sikila, shi ya bayyana wannan mutuwar leɓe a 1972.

Ka ɗauki yarinya 'yar shekara goma sha biyu da aka kawo tana riƙe da kunci, ciwon ya tashi mata kwana biyu bayan ruwan sama ya dake ta. Tana nuna turmi na farko a hagu. Kowa a gida ya gama yanke hukunci cewa a cire. Hoto ya fito: kan haƙori ba kogo, saiwa biyu lafiya, farin layin da ke zagaye da su bai yanke ba, ƙashi a buɗe irin na masu sikila. Ɗan baƙin ɗigo da ke can gaba, ƙarƙashin ƙananan turame, ba ruɓa ba ne, ƙofar da jijiya ke fitowa ce, kowa yana da ita, sai dai sabon hannu yakan ɗauke ta a matsayin ƙurji. Wannan yarinya ruwa take bukata, da maganin zafi na sosai, da ɗumi, da likitan jini. Da an cire, ciwon ba zai tafi ba, an yi asarar haƙorin dindindin, an kuma buɗe rami a ƙashin da jini ba ya isarsa sosai, cikin bakin da ke cike da ƙwayoyin cuta. A ganina babbar ranar mai hoto ita ce irin wannan, ranar da aikinsa ya sa aka mayar da awartaki cikin tire.

Ramin da aka buɗe a irin wannan ƙashi shi ne ƙofar ruɓar ƙashi, ciwon da likitocin haƙori suka fi tsoro ga mai sikila. Yana farawa da kumburi da zazzaɓi da kasa buɗe baki, daga baya mugunya ta huda ta dasashi ko ta ƙarƙashin haɓa, haƙora su yi girgiɗi, wani yanki na ƙashi ya mutu ya ware. Wurin da ya fi kamawa shi ne bayan muƙamuƙin ƙasa. A nan ma dole mai hoto ya san iyakar na'urarsa. Ƙashi ba ya nuna rauni a hoto sai ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, don haka a kwana goman farko hoto yana iya fitowa tsaf alhali wuta na ci a ciki. A wannan mataki toshewar jini da ruɓa kama suke yi da juna, ga zafi, ga kumburi, ga zazzaɓi. Mai gaskiya zai gaya wa likita cewa hoton yau bai wanke ƙashin ba, a duba jini, a fara magani in alamu sun nuna, a dawo a sake ɗauka. Bayan mako biyu ko uku ne ake fara ganin gefen ƙashi ya yi cin asu, daga baya kuma mataccen yankin ya fito fari a tsakiyar duhu. Hoton farko da aka ce bai nuna komai ba shi ake ɗorawa kusa da na biyu a gane inda aka dosa.

Ba na cikin masu zagin wanzamai da masu cire haƙori na kasuwa. Sun tsaya wa mutane a inda babu kowa, kuma da yawansu suna da saurin hannu da sanin ya kamata. Wanzami na gari ya san gidajen da yaransu ke fama da ciwon ƙashi, domin shi ya yi musu askin suna. Matsalar ita ce hannunsa ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin dasashi. Bai san saiwa ta lanƙwashe ba sai ta karye, bai san haƙorin lafiya yake ba sai ya fito da shi. Kuma mai sikila ko a asibiti ba a cire masa haƙori da garaje. Ba a taɓa shi yana cikin tashin ciwo, sai dai a rage masa zafi a kashe ƙwayoyin cuta. Ana auna yawan jininsa, wanda dama a ƙasa yake zaune, ana shawara da likitan jini, sau da yawa a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa shi ya ci ya sha kafin a fara. Da masu cirewa na kasuwannin Kamba da Lolo da Dole Kaina za su riƙe tambaya ɗaya, “Yana da sikila? Yana yawan ciwon gaɓoɓi?”, su kuma janye hannu in an ce e, da an rage muƙamuƙan da ke isa Sakkwato suna zubar da mugunya.

Ita ma wannan tambaya tana canza yadda mai hoto ke karɓar mutum. Wanda ya taso daga bakin kogi da asuba cikin hunturu, ya sha iskar jirgi da ta mota, bai karya ba don yana tsammanin za a ce kar ya ci, ya riga ya tara abubuwan da ke tayar da ciwon: sanyi, ƙishirwa, gajiya, fargaba. A ɗakin hoto kuma na'urar sanyaya ɗaki tana aiki saboda injuna. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai shigar da shi da wuri, ya ba shi ruwa, ya rage sanyin ko ya bar masa mayafinsa har zuwa lokacin ɗauka, ya gama cikin minti kaɗan. Hoton haƙori ba ya bukatar azumi, kuma ya kamata a riƙa faɗa wa mutane haka tun daga inda aka turo su.

Ambulan da ake miƙa wa mara lafiya shi ma aiki ne. Mutanen bakin iyaka ba asibiti ɗaya suke zuwa ba. Yau Birnin Kebbi, gobe Gaya ta Nijar, jibi Malanbil ta Benin, wani ma har Yamai inda akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila. Can da Faransanci ake rubutu, nan da Ingilishi. Amma akwai tsarin lambar haƙora na duniya da kowa ke karantawa: 36 turmi na farko ne na ƙasa a hagu, 46 ɗan'uwansa na dama. Mai hoto da ya rubuta lamba, da kwanan wata, da SS ko SC a bayan ambulan, ya sauƙaƙa wa likitan da bai taɓa gani ba. Ya kuma ja kunnen uba: “Malam, a adana wannan a inuwa, kar a naɗe shi, kar a bar shi a mota. Duk inda za a kai shi a tafi da shi.” Inda aka koma kwamfuta kuwa, ana tura hoton ta waya, sai dai wanda aka ɗauka da kyamarar waya daga jikin allo yakan rasa siraran zaren da ake nema, gara a tura ainihin fayil ɗin.

Masu wannan sana'a ba su da yawa. Digirin shekara biyar ne a jami'o'i irin su Usmanu Ɗanfodiyo da Bayero da Maiduguri, sai shekarar horo a asibiti, sai rajista da hukumar masu ɗaukar hoton jiki ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1987. Wanda ya gama yakan fi son manyan injunan hoton ƙwaƙwalwa da na ciki, inda ake ganin ci gaba da kuɗi, wasu kuma su haye jirgi zuwa Ingila ko Saudiyya. Hoton haƙori ana yi masa kallon ƙaramin aiki, a bar wa duk wanda ke kusa. Ni kuwa ina ganin nan ne ya fi dacewa a sa hannu, domin yana cikin hotuna mafi arha. Yanzu akwai ƙananan na'urori masu batir da ake cajawa da hasken rana, da ɗan faranti mai aika hoto kai tsaye zuwa kwamfuta, ba ruwan wanki ba ɗakin duhu. Suna bukatar lasisi daga hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, da ma'aikacin da aka horar, da likitan da zai karanta ko daga nesa ne. Babban asibiti na ƙaramar hukuma, irin na Kamba ko na Bagudo, zai iya ɗaukar nauyin wannan. In aka haɗa ranar hoton da ranar da masu sikila ke zuwa karɓar folik asid da maganin rigakafin zazzaɓi, kuɗin mota ɗaya ya biya bukata biyu, kuma kowane yaro zai samu hoton farko tun yana lafiya, wanda za a riƙa gwada na ranar ciwo da shi.